Golf na faifai a fili shimfiɗaɗɗe: mu ci gaba ko mu nemi wani wuri?

Ɗan Gwarinpa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawara daga waɗanda suka riga mu sanin wasan golf na faifai, wato wasan da ake jefa faifan roba daga nesa ana nufin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya shigar da nasa da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. Yayana ne ya dawo daga karatu a ƙasar Finland da kwando guda mai naɗewa da faya-fayai shida, ya koya mana, sannan aiki ya kai shi Legas ya bar mana kayan. Wata uku ke nan mu huɗu muna fita duk Asabar zuwa wani lambun shaƙatawa na jama'a a nan Abuja, mu kafa kwandon, mu ja da baya mu yi jifa, mu ɗauke shi mu kai wani wuri, har sau tara.

Filin shimfiɗe yake kamar tabarma, babu tudu babu kwari, 'yan bishiyoyin da ke akwai duk suna bakin shinge, saboda haka kowane zango kamar wanda ya gabace shi yake, kuma wanda ya fi ƙarfin damtse a cikinmu shi ke cinye mu kullum. Tun da hunturu ya shigo kuma faifan ya daina jin magana: wanda aka rubuta wa 12 a jiki, wani lokaci sai ya tashi sama ya faɗo hagu kamar tsuntsun da aka harbo, wani lokaci kuma ya kife dama ya kama gangarawa a ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne makon jiya faifaina ya sauka dab da kular abincin wasu iyali da ke zaune a kan darduma, har mai gadi ya zo ya yi mana magana, kuma da gaskiyarsa. Shin irin wannan fili ya dace da wasan kuwa, ko mu haƙura mu nemi wani?

Malam Mai Ritaya, Jos:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ku bar filin, domin wasan nan a lambun jama'a ya girma. Filin farko na dindindin da aka yi masa yana lambun Oak Grove ne kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda Ed Headrick ya tsara a 1975, kuma a lokacin sanduna kawai ake nufa da faifan. Shi ne ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, PDGA, a 1976, ya kuma yi rajistar kwandon nan mai sarƙoƙi a 1977.

Shawarata ta farko ita ce ka ajiye wannan mai lamba 12 a jaka tukuna. Lambobi huɗun da ke jikin faifai, waɗanda kamfanin Innova ya yaɗa amfani da su, ga abin da suke nufi ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu: ta farko gudun da faifan ke bukata kafin ya tashi yadda aka ƙera shi, ta biyu daɗewarsa yana shawagi, ta uku yadda yake karkata dama lokacin da yake cikin ƙarfinsa, ta huɗu kuma yadda yake komawa hagu idan ƙarfin ya ƙare. Faifai irin Destroyer, mai 12, 5, -1, 3, hannun da ya ƙware yake so, idan bai samu gudun da ya isa ba sai ya tsallake duk sauran aikinsa ya tafi hagu kai tsaye. Leopard mai 6, 5, -2, 1, ko Buzzz na kamfanin Discraft mai 5, 4, -1, 1, za su fi yi maka biyayya, kuma kada ka yi mamaki idan suka fi wancan nisa a hannunka. Tashi sama da faɗowa da ka ambata kuwa daga ɗaga gaban faifan yake zuwa lokacin saki. Ka riƙe shi kamar kana tsiyaya shayi daga buta, wuyan hannu a sunkuye, ka ja shi ta saitin ƙirji a miƙe.

Ita kuwa iska, a fili buɗe ita ce ke tsayawa a madadin bishiya da tudu. Idan tana dukan fuskarka, faifan yana jin kamar an ƙara masa gudu, sai ya ɗaga ya karkata dama, wannan ne kifewar da kake gani. Idan tana bayanka, yana jin kamar an rage masa gudu, sai ya yi ƙasa da wuri ya koma hagu. Idan ta gefe take zuwa, ka kula da wace fuskar faifan ka nuna mata, domin in ta samu cikinsa za ta ɗauke shi ta yi gaba da shi, in ta samu bayansa za ta danne shi ƙasa. Kafin kowace jifa nakan tsinko busasshiyar ciyawa in sake ta in ga inda ta nufa. Mu a nan Jos akwai ƙarin wani abu, wato tsayin garin da ya haura mita 1,200 daga matakin teku, wanda ya sa iskar ba ta da kauri, faifai ba ya daɗewa a sama kuma yana saurin komawa hagu. Faifan da nake jefawa a nan ya lanƙwasa, da na kai ziyara wurin 'yata a Kubwa sai na ga ya miƙe sosai, har na ɗauka hannuna ne ya gyaru.

Injiniya na Wuse:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayanin ya gamsar. Wuri ɗaya kawai zan ɗan saɓa masa cikin ladabi: kada a binne mai lamba 12 ɗin gaba ɗaya, domin ranar da iskar hunturu ta taso gaba da gaba, faifan da ke da taurin komawa hagu shi ne wanda ba zai kife ba, a nan zai yi rana ko a hannun ɗan koyo.

Ni kan maganar gundura zan tsaya. Laifin ba na filin ba ne, na yadda kuke kafa kwandon ne. Muddin kowane zango dogo ne kuma babu abin da ake tsoro a hanya, gasar nisa kuke yi, kuma nisa a fili buɗe ya dogara ƙwarai ga iska. David Wiggins Jr. da ya kafa tarihin duniya na mita 338 a 2016, a hamadar Nebada ya yi jifar da iska mai ƙarfi a bayansa. Dokokin wasan sun ba ku kayan aiki biyu da ba sa bukatar bishiya ko ɗaya. Akwai haramtaccen wuri, wanda duk faifan da ya kwanta a cikinsa ana ƙara wa mai shi jifa ɗaya a matsayin tara, wato hukunci. Akwai kuma hanyar dole, inda ake nuna wani abu tsayayye, kamar sandar fitila, a ce tilas faifai ya bi ta damansa ko ta hagunsa, wanda ya kuskure shi ma a ƙara masa ɗaya.

Ga yadda muke yi da abokaina. Muna zuwa da igiyar shanya guda uku da robobin ruwa cike da yashi, ba ma zuba fenti ko toka a ciyawar mutane. A wani zangon mukan kewaye kwandon da igiya, faɗin kamar taku goma sha biyu ta kowane gefe, mu ce duk abin da ke wajen da'irar ruwa ne, wato haramtaccen wuri, sannan mu tsaya mita 55 kacal. Za ka sha mamakin yadda mai ƙarfin damtsen nan naku zai riƙa wuce wurin ana cin shi tara. A wani zangon mukan shimfiɗa igiya biyu su zama siririn lungu, a wani kuma mu ajiye kwandon taku uku kafin hanyar masu tafiya, mu ce hanyar haramtacciya ce, ta yadda mutum zai yi tunani kafin ya saki hannu. Ku tsara zangunan su kalli kusurwoyi daban-daban, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, domin kowa ya ɗanɗana ta gaba da ta baya da ta gefe. Dogo guda biyu ya isa a cikin zanguna tara. Wani lokaci kuma ku yi zagaye da faifai ɗaya tak kowannenku, mai kaurin baki na kusa da kwando, a nan ake gane wanda ya iya saiti.

Maman Hanifa:

Ni ba 'yar wasa ba ce, maigidana ne ke yi, amma ina cikin masu shimfiɗa darduma da yara, don haka ku ba ni dama in yi magana a kan abin da ya fi damun mai tambaya. Na ɗauki irin faifan nan na nisa a hannuna, nauyinsa wajen giram 175 ne, bakinsa kuma siriri ne mai tauri, ba irin na wasan yara ba ne. Idan ya sami yaro a fuska, ba haƙuri ne zai ɗinke wurin ba. Duk wanda ya taɓa shiga Millennium Park da ke Maitama da yammacin Lahadi ko ranar Sallah ya san yadda ciyawa ke ɓacewa a ƙarƙashin jama'a, kuma sauran lambunan ma haka suke a irin waɗannan lokuta. Ku fita bayan sallar asuba ku tashi kafin ƙarfe tara, kun sami fili, kun kuma sami iska mai sauƙi. Ku je ku gaida masu kula da wurin ku nuna musu kayan kafin ku fara, kada ku bari sai sun zo sun same ku. Maigidana ya ce dokar wasan kanta ta hana jifa matuƙar akwai wanda faifan zai iya samu, saboda haka ɗayanku ya riƙa tsayawa can gaba yana duba hanya. Idan kuma faifai ya kuɓuce, ku ɗaga murya ku ce "Hattara!" ko "A kauce!", domin kalmar da Turawa ke faɗa a filin golf babu mai sayar da gyaɗar da zai gane ta.

Ɗan Gwarinpa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Injiniya, da Hajiya. Jiya mun isa ƙarfe shida da rabi, mun gaida mai gadin nan har ya karɓi faifai ya gwada jifa biyu. Da'irar igiyar ta yi aiki, an ci gwanin namu tara sau uku, ƙaraminmu ne ya yi na ɗaya. Abin da ya rage shi ne jifar ƙarshe: daga taku shida ko bakwai sai in ga faifan ya haye saman kwandon ya wuce, dawowar ta fi ta farko nisa.

Malam Mai Ritaya, Jos:

Madalla. Iskar gaba ce ke ɗaga maka shi, don haka idan tana dukan fuskarka ka nufi ƙasan sarƙoƙin, ka jefa da ɗan ƙarfi a miƙe ba tare da ka nuna mata cikin faifan ba, idan kuma tana bayanka ka nufi sama kaɗan domin za ta danne shi. Tun daga jifar da ta gabata ma ka yi ƙoƙarin ajiye faifanka a gefen da iska za ta kasance a bayanka, saboda wanda ya kuskure daga can kusa da gindin kwando yake faɗuwa. Ka tuna kuma cewa a cikin mita 10 daga kwando doka ba ta yarda ka taka gaban alamar inda faifanka ya kwanta ba sai ka nuna ka tsaya daram bayan saki. Ku auna igiya guda mai wannan tsawon ku ɗaura ta a gindin kwandon, za ta raba muku gardama.