Wace kalma ta dace da "laird"? Misali daga gidan Hope na Sikotlan

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ga kalmar da ke hana ruwa gudu a tarihin gidajen lauyoyin Sikotlan: laird. Misalinmu Sir Thomas Hope, wanda aka haifa a 1573 ya rasu a 1646. Ɗan wani ɗan kasuwar Edinbara ne, ya zama lauya a 1605, sunansa ya fito a 1606 da ya kare limaman cocin da aka gurfanar a Linlithgow, a 1626 kuma ya zama babban lauyan Sarki Charles na Ɗaya. Da kuɗin lauyanci ya sayi ƙasar Craighall a yankin Fife, daga nan aka koma kiransa Hope of Craighall, wato ya zama laird. Abin da aka ba da shawara zuwa yanzu: hakimi, uban ƙasa, mai gari, mai ƙasa. Wanne za a ɗauka?

Ɗalibar Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara cire hakimi da uban ƙasa. Hakimi naɗa shi ake yi, sarki ya ɗaura masa rawani, sarki kuma na iya tuɓe shi. Hope ba wanda ya naɗa shi laird. Ciniki ya yi, ya biya, aka rubuta. Da zai sayar da Craighall, sunan zai bi wanda ya saya. Ban san hakimcin da ake sayarwa a gaban shaidu a rubuta a rajista ba.

Kuma laird ba ya cikin manyan masu sarauta irin su earl. A tsohuwar majalisar Sikotlan su earl kowa da kujerarsa ta kansa, su laird kuwa tun dokar 1587 wakilai suke zaɓa daga kowace gunduma.

Barista:
Malama ta yi gaskiya, amma kada a kore hakimi gaba ɗaya ba a ga dalilin da ya jawo shi ba. A wancan zamani laird ɗin da ƙasarsa ke da matsayin baroni, wato wadda sarki ya haɗa mata da ikon shari'a, yana da kotunsa, inda ake sauraron rikicin kuɗin haya, dabbar da ta shiga gonar wani, da ƙananan faɗace-faɗace. A kan masu ƙasa ne kuma nauyin gyaran cocin yanki da gidan limaminsa yake, kuma dokar 1696 ta ɗora musu samar da makaranta da albashin malami, daga merk (kuɗin Sikotlan na lokacin) 100 zuwa 200 a shekara. To akwai ƙamshin mulki. Sai dai mulkin daga ƙasar ya fito, ba ƙasar ce ta fito daga mulki ba.

Ga yadda ake zama laird a zamanin Hope, don a ga inda kalmarmu za ta tsaya. Kusan kowace ƙasa tana da na sama, ko sarki ko wani babba, wanda ake riƙe ta a ƙarƙashinsa. Mai saye yana karɓar takardar mallaka tare da umarnin a damƙa masa ƙasar. Sai a tafi filin da ƙafa: wakilin mai bayarwa, mai karɓa ko wakilinsa, marubucin shari'a mai hatimi, da shaidu biyu. Wakilin ya ɗebi turɓaya da dutse daga wurin ya sa a hannun mai karɓa. Wannan shi ne sasine. Marubucin ya rubuta abin da ya gani, sannan bisa dokar 1617 a kai takardar rajista cikin kwana 60. A nan ake yawan faɗuwa. Wanda ya yi sakaci kwanakin suka wuce, in mai sayarwa mara amana ya sake sayar wa wani, na biyun ya riga shi rajista, to na biyun ne ke da ƙasa. An daina wajabta ɗibar turɓaya da dutse a 1845. Ita sasine ina ga "damƙa ƙasa" ta wadatar, rajistar kuma "rajistar damƙa ƙasa".

Malamin Harshe:
Barista, Allah ya ƙara basira. "Mai gari" ba ta yi ba, don Craighall ba gari ba ne, gida ne da gonaki kewaye da shi, kusa da ƙauyen Ceres. "Mai ƙasa" kuwa ta yi faɗi, mai karatu zai ɗauka sarki ake nufi. "Mai fili" ta yi ƙanƙanta, sai ka ce fuloti a bayan gari.

Ni "mai gandu" nake gani. Gandu babbar gona ce ta gida, wadda ke ɗaure da sunan zuriya, ba gayaunar mutum ɗaya ba, kuma muna da gandun sarki da gandun sarauta, saboda haka kunne ya saba jin gandu tare da girma. Sai a ce Thomas Hope, mai gandun Craighall. Jam'i masu gandu, ko masu gandaye in ana son a nuna kowa da nasa.

Ɗalibar Tarihi:
Allah gafarta malam, akwai inda take ɗingishi. A gandun Bahaushe uba da 'ya'yansa maza ne ke noma tare, a ci daga rumbu ɗaya. Hope kuwa ba manomi ba ne, aikinsa na kotun Edinbara. Manoma ne ke karɓar gonakin haya, su biya wani ɓangare da kuɗi, wani da sha'ir da sauran hatsi, da kaji, da kwanakin aiki a gonar maigidan.

Malamin Harshe:
Haka ne, amma shi ma sarki ba ya riƙe garma a gandunsa, kuma ba a fasa cewa gandun sarki ba. Jimla ɗaya a farkon rubutu ta isa: gandun da ake ba manoma haya. Kalmar ma tana da wata riba. Akwai wanda suke kira bonnet laird, mai 'yar ƙasar da shi da iyalinsa ke nomawa, ba ya da 'yan haya. Wannan kai tsaye "ƙaramin mai gandu". Gwada "ƙaramin hakimi" a wurin ki ji yadda take karyewa.

Barista:
Na bi mai gandu. Amma tarkon da ya fi kama masu fassara ba laird ba ne, 'yar ƙaramar kalmar nan ce, of. Mu in aka liƙa wa mutum sunan gari, asalinsa ake nufi. A Sikotlan Hope of Craighall mallaka yake nufi. In aka rubuta "Hope na Craighall" ko "Hope ɗan Craighall", an mai da ɗan Edinbara mutumin Fife, kuma an ɓata hanyar gane rassan gidan, domin da sunan gandu ake rarrabe su. 'Ya'yansa uku sun zama alƙalan babbar kotun ƙasar, wadda aka kafa a 1532: John mai gandun Craighall, Thomas mai gandun Kerse, da James mai gandun Hopetoun. Ga Thomas biyu a gida ɗaya, uba da ɗa, dukansu Sir, dukansu masana shari'a. Cire sunan gandu, sai ka haɗa su mutum ɗaya. In kuma aka ga younger of bayan suna, babban ɗa ne mai jiran gado, sai a ce "magajin gandun Craighall".

Tarko na biyu: John da ya hau kujerar alƙalanci a 1632 sai aka kira shi Lord Craighall. Wannan ba sarauta ba ce, laƙabin kujera ne, ba a gadonsa. "Mai Shari'a Craighall" za a rubuta. Sarautar gado ta gaske sai a 1703 ta shigo reshen Hopetoun.

Mai Fassara:
Barista, a ɗan buɗe wannan reshen, don a nan ne za a san inda "mai gandu" ke ƙarewa.

Ɗalibar Tarihi:
James, ɗan Sir Thomas, ya auri Anna Foulis, magajiyar ma'adinan dalma na Leadhills, dukiyar reshen daga nan ta taso. Ɗansu John ya sayi ƙasar Abercorn a 1678, ya nutse a teku a 1682 lokacin da jirgin ruwan Gloucester, wanda ke ɗauke da ƙanin sarki, ya kife. Ya bar jariri, Charles, haihuwar 1681. Mahaifiyar yaron ce ta sa aka fara ginin gidan Hopetoun a 1699, shi kuma Charles aka ba shi sarautar Earl na Hopetoun a 1703. Daga kansa "mai gandu" ba ta isa ba, sai a sa sarautar. Zuriyar ce ta fitar da gwamna janar na farko na Ostareliya a 1901, ɗansa kuma ya zama wakilin sarkin Ingila a Indiya daga 1936 zuwa 1943. Amma James da John masu gandu ne kawai, kada a ja musu sarautar jika baya.

Malamin Harshe:
Saura guda, tunda ba a karanta tarihin irin waɗannan gidaje ba a ci karo da ita ba: tailzie, takardar da ke ƙayyade magadan gandu ta hana su sayar da shi. Na ji ana cewa waƙafi.

Barista:
Ta yi kusa, Malam, amma ba ita ba ce. Waƙafi ana fitar da abu daga mallaka ne don Allah, ko da iyali ne ke cin amfaninsa. A tailzie magaji shi ne mai ƙasar, hannunsa kawai aka ɗaure. Asalin matsalar gadon mata ne da bashi. A dokarsu ta wancan zamani babban ɗa namiji ke ɗauke ƙasa duka. In babu namiji, 'ya'ya mata su raba daidai, babbar ta riƙe gidan, gandu ya tsage ya bi sunayen mazajensu. Sai dokar 1685 ta ba mai gandu damar jera magadansa tun kafin a haife su. Takardar sai ta ƙunshi abu uku. Na farko hani: kada a sayar, kada a ɗora wa ƙasar bashi, kada a sauya jerin magada. Na biyu, duk abin da magaji ya yi saɓanin hanin ya ɓaci. Na uku, shi kansa ya rasa haƙƙinsa, na bayansa ya hau. Sannan a gabatar da ita gaban babbar kotu a shigar a rajistarta ta musamman. Alƙalai suna karanta waɗannan takardu da tsanani, in marubuci ya hana sayarwa amma ya mance bai ɓata cinikin a sashe na biyu ba, mai saye ya tsira da ƙasar. Illarta kuwa magaji ba ya iya cin bashi da ƙasar don gyara gonaki, shi ya sa dokar 1848 ta buɗe hanyar kwancewa, aka hana sababbi a 1914, aka shafe tsarin a 2004.

Ina ba da "ɗaurarren gado". Fi'ilinta na zuwa da sauƙi: ya ɗaure gadon gandunsa, jikansa ya kwance.

Ɗalibar Tarihi:
Ta zauna. Sai a kula da shekaru wajen amfani da ita a gidan Hope: Sir Thomas ya rasu shekara 39 kafin dokar 1685, saboda haka duk jerin magadan da aka gani a takardun zamaninsa "tsarin magada" za a kira shi, a ajiye "ɗaurarren gado" ga wanda aka yi wa rajista bayan dokar.