Wai Katun Sun Karɓe Kasuwar Silima Daga Hannun Manyan Fina-finai?

Sadiq: Jama'a, zan faɗi wata magana, na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Yau a harkar silima ta duniya, katun su ne masu kasuwa. Waɗannan manyan fina-finan na harbe-harbe da jarumai masu tashi sama suna kawai suke ci. Ku duba 2024: fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi shi ne Inside Out 2, kusan dala biliyan 1.7. A cikin huɗun farko na shekarar, uku katun ne, shi da Moana 2 da Despicable Me 4. Deadpool & Wolverine kaɗai ya kutsa tsakaninsu. Da aka shiga 2025 kuma Ne Zha 2 na ƙasar Sin ya haura biliyan 2. Wanda yake da ja, bismillah.

Malam Bala: Ina da ja, kuma ba sai na je nesa ba. Sadiq, shekara biyu ka ɗauko ka yanke hukunci da su. Buɗe jerin fina-finan da suka fi kawo kuɗi tunda aka fara silima. Avatar na 2009 yana sama da kusan biliyan 2.9. Avengers: Endgame na biye da kusan biliyan 2.8, sai Avatar kashi na biyu da biliyan 2.3, ga Titanic tun 1997 yana nan bai gusa ba. Zuwa ƙarshen 2025, fina-finai bakwai ne suka taɓa tsallake biliyan 2, kuma ɗaya ne tak katun a cikinsu. Ɗaya cikin bakwai shi ne karɓe kasuwa?

Sadiq: Malam, ai ɗayan nan bai daɗe da shiga ba. Kafin 2010 babu katun ɗin da ya taɓa kai biliyan 1, sai da Toy Story 3 ya buɗe ƙofa. Shekara goma sha biyar bayan nan an kai biliyan 2. Ka dubi inda aka dosa, ba inda aka baro ba.

Malam Bala: Ne Zha 2 ɗin nan da kake ta ɗagawa, kusan duk kuɗinsa a cikin Sin aka tara su. An sake shi ranar 29 ga Janairu, daidai hutun sabuwar shekararsu, lokacin da iyali ke fita gaba ɗaya, a ƙasar da ke da mutum sama da biliyan 1.4, kuma labarin daga tsofaffin tatsuniyoyinsu ne. Ban raina shi ba, shi ne fim na farko da ya tara biliyan 1 a kasuwar ƙasa guda. Amma zakaran gida ne. Avatar kuwa babu nahiyar da bai ci kasuwa ba.

Nafisa: Ku yi haƙuri in shigo. Duk ku biyun kuna ƙirga cinikin tikiti kamar shi ne riba. Ba shi ba ne. Gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. A Sin ma, kamfanin waje kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake samu. Ga kuɗin talla da ba ya cikin abin da ake cewa an kashe wa fim. Shi ya sa 'yan harkar suke lissafin cewa sai fim ya ninka jarinsa wajen sau biyu da rabi kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. To yanzu ku auna. Minions na 2015 an kashe masa dala miliyan 74, ya kawo sama da biliyan 1.1. Super Mario na 2023 miliyan 100 aka zuba, ya kawo sama da biliyan 1.3. Endgame ya lashe sama da miliyan 350 kafin a fara talla. Da ni ce mai jari, wallahi na san inda zan kai kuɗina.

Malam Bala: Nafisa, lissafinki ya yi kyau, amma kin zaɓo kamfanin Illumination da aka sani da matse hannu. Je ki Pixar da Disney ki gani. Fim ɗinsu guda yakan ci miliyan 200, daidai da na jarumai. Kuma suna faɗuwa, faɗuwa mai ƙara. Lightyear a 2022 an kashe kusan miliyan 200, da ƙyar ya haura miliyan 220. Strange World, shi ma a 2022, ko miliyan 80 bai kai ba. Wannan ai ko uwar kuɗi bai ga ƙeyarta ba.

Nafisa: Na yarda. Sai dai in za mu ƙirga gawa, a ƙirga ta kowane gida. The Marvels a 2023 ya tsaya a wajen miliyan 206, ƙasa da abin da aka kashe masa. The Flash da Indiana Jones na biyar duk a 2023 ɗin suka tafka asara. Joker na farko ya wuce biliyan 1, na biyun ya ƙare a miliyan 200 da 'yan kai. Kasuwa ba ta da ɗan gida.

Hajiya Rabi: Ni ban iya waɗannan alƙaluman naku ba, amma ni nake biyan kuɗin tikiti, saboda haka ina da bakin magana. In Abban yara zai kalli fim ɗinsa na faɗace-faɗace, shi kaɗai yake tafiya, tikiti ɗaya. In katun ya fito kuwa, ni ce, da yara uku, da 'yar ƙanwata da ba ta taɓa yarda a bar ta. Tikiti biyar ke nan a fita ɗaya. Kuma ba a gamawa a nan. Lokacin Inside Out 2, autana ya matsa sai ya je banɗaki a tsakiyar fim, muka fita, kafin mu dawo an wuce wurin da yayyensa suka yi ta ba da labari a mota. Yaron nan ya yi kwana uku yana kuka wai an cuce shi. Sati na zagayowa muka koma, mu biyar ɗin dai, don ba wanda zai yarda ya zauna a gida. Wane babban mutum ne zai yi maka wannan?

Usman: Hajiya, masu son Avengers sun yi abin da ya fi haka, akwai wanda ya kalli Endgame sau biyar. Amma maganarki ta taɓo wani abu na gaske, yadda kuɗin ke shigowa. Babban fim kamar ruwan sama mai ƙarfi yake. Endgame ya tara biliyan 1.2 a duniya cikin kwanakinsa biyar na farko, miliyan 357 a Amurka kaɗai a ƙarshen makon farko, saboda kowa na gudun kada a ba shi labarin ƙarshe kafin ya gani. Mako na biyu ciniki ya ragu da fiye da rabi. Katun kuwa yayyafi ne. Elemental a 2023 ya buɗe da ƙasa da miliyan 30 a Amurka, har an fara yi masa ta'aziyya a jaridu. Sai ya ƙi mutuwa. Mako bayan mako iyaye na kai yara, a Koriya ta Kudu ya zama abin yayi, ya ƙare da kusan miliyan 500 a duniya. Puss in Boots na biyu ma haka, ya buɗe da wajen miliyan 12, ya ƙare kusa da miliyan 480. Dalili shi ne fim ɗin yara ba ya yawan samun kishiya. Sai a yi wata biyu ba a saki wani ba, duk mai son fita da yara shi zai gani.

Sadiq: Yauwa Usman. Ka ƙara da fassara. Katun in aka sauya masa murya zuwa wani harshe, babu mai cewa bakin bai yi daidai ba, domin dama can zane ne. Kuma jaruminsa ba ya tsufa, ba ya rikici da darakta.

Usman: Kada ka yi saurin sa ni a layinka. Akwai abin da ke gefen Malam Bala. Tikitin yaro ya fi na babba araha, kuma iyali sun fi zuwa da rana. Avatar kuwa an sayar da shi ne a ƙaton allon nan na IMAX da gilashin 3D, inda tikiti ke da tsada. Wato in katun ya yi kunnen doki da babban fim a kuɗi, mai yiwuwa ya fi shi yawan mutane. In kuma kuɗi muke ƙirgawa, babban fim ya fi iya tatsar kowane mutum guda.

Anti Binta: Tun ɗazu nake karanta ku ina dariya. Ku amsa min tambaya ɗaya. The Lion King na 2019, wanda ya kawo sama da biliyan 1.6, a layin wa yake?

Malam Bala: Namu ne mana. Disney ba su tallata shi a matsayin katun ba.

Sadiq: Haba Malam! Wane zaki aka ɗauka a kyamara? Kwamfuta ce ta zana komai.

Anti Binta: Kun gani ko. Daraktan fim ɗin, Jon Favreau, da kansa ya ce hoto ɗaya ne tak na gaske a ciki, fitowar rana a farkon fim. Sauran duka, gashin zaki, ƙura, ciyawa, ruwa, zane ne. Masu kyautar Golden Globe ma a rukunin katun suka sa shi. Na kalle shi tare da mahaifiyata, tana ta salati tana tambayata yadda aka yi aka horar da kura ta tsaya kusa da ɗan zaki ba ta cinye shi ba. Na ce Umma ai ba dabbobin gaske ba ne, ta ce in daina raina mata hankali. To in wannan ya rikita ku, Avatar fa? Mutane masu launin shuɗi, daji, teku, dabbobi, kusan duka a kwamfuta aka gina su, an dai ɗauki motsin 'yan wasa an ɗora. Malam Bala, zakaran naka ma rabinsa zane ne.

Malam Bala: Anti, an ɗauki fuskar mutum da kukansa da dariyarsa. Wannan wasan kwaikwayo ne, fenti kawai aka shafa masa.

Anti Binta: Ban musa ba. Ina dai nuna muku katangar da kuke faɗa a kanta ta daɗe da tsagewa. In kuna son ku ga inda kasuwa ta rabu da gaske, ku sake duba jerin da Sadiq ya kawo. Inside Out 2, Moana 2, Despicable Me 4, Ne Zha 2. Kun lura da lambobin da ke wutsiyarsu? Mario kuwa wasan kwamfuta ne da mutane suka sani tun shekarun 1980. Sannan ku duba waɗanda suka sha ƙasa: Strange World sabon labari ne, Elio na 2025 sabon labari ne, shi ma bai kai ko'ina ba. A ɓangaren Malam haka abin yake, Endgame fim na 22 ne a jerinsa. Mutane suna biyan kuɗi ne su ga fuskar da suka riga suka sani, ko ta zane ce ko ta mutum.

Nafisa: Lightyear fa, Anti? Daga gidan Toy Story ya fito, sanannen suna, kuma ya faɗi.

Anti Binta: Kin kama ni a nan. Amma ki tuna lokacin da ya fito. Pixar sun jera fina-finai uku, Soul da Luca da Turning Red, an kai su Disney+, manhajar kallon fim a gida, kai tsaye a Amurka da ƙasashe da yawa saboda korona. An koya wa iyaye cewa in sun jira, fim zai same su a falo. Kuma Buzz, jarumin da ke cikin Lightyear, ba shi ne abin wasan da yara suka sani ba, har muryar an canza. Suna ne kawai, ba fuskar ba.

Usman: Kuma Avatar na farko da Titanic ba kashi na biyun kowa ba ne, Anti. Frozen na 2013 ma haka, ya kai kusan biliyan 1.3.

Anti Binta: 1997, 2009, 2013. Ka kawo min na bayan korona.

Usman: Oppenheimer, 2023. Awa uku ana magana a ɗakuna, ya kusa biliyan 1.

Anti Binta: To, na ba ka wannan ɗaya.

Hajiya Rabi: Ba wanda ya ambaci jakar makaranta. Duk waɗannan biliyoyin da kuke kira na ƙofar silima ne. Ku zo gidana ku ga zanen gado da gorar ruwa da kayan barci.

Nafisa: Hajiya ta faɗi abin da kamfanonin suka fi damuwa da shi. Cars na 2006 bai kai miliyan 500 a silima ba, amma kayan wasa da tufafi masu hotonsa sun kai wajen dala biliyan 10 cikin shekara biyar. Shi ya sa aka yi na biyu da na uku. Sai dai Star Wars da Marvel ma suna cin wannan kasuwar, ba katun kaɗai ba.

Malam Bala: To Sadiq, ka ji. Ka sassauta maganarka. Ka ce katun sun fi riba a kan jari kuma sun fi daɗewa a allo, in sa hannu. Amma karɓe kasuwa, a'a. Ranar da katun ya ture Avatar daga saman jeri, ka kira ni.

Sadiq: Zan sassauta rabi. A 2020 katun ɗin Japan, Demon Slayer, shi ya fi kowane fim ciniki a duniya. A 2024 katun ne, a 2025 ma katun. Uku cikin shekara shida.

Malam Bala: 2020? Shekarar da aka garƙame gidajen silima? Ka ji tsoron Allah, Sadiq.

Sadiq: To cire ta. Biyu a jere dai suna nan. Kuma tunda Anti ta ce Avatar rabinsa zane ne, ina neman a ba ni biliyan 1.45 daga ciki.

Malam Bala: Ko sisi.