Tafiyar ƙasa a jajayen duwatsun Sedona

Mai tambaya, daga karkarar Birnin Kudu: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Arizona ta Amurka zai bi hanyoyin ƙafa a dajin jajayen duwatsun Sedona, kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata ya sani?

Malamin makaranta, Ringim: Baba, tun 1984 doka ta keɓe wasu sassan dajin, mota da keke ba sa shiga cikinsu, don haka ya riƙe ruwa isasshe, ya fita da asuba, domin a can rana tana da zafi.

Daga Gaya: Alhaji, abin da ya fi damuna kwari ne. Ruwan sama a Yuli da Agusta kan cika shi farat ɗaya, ko da hadarin yana nesa.