Kwana tara da haihuwa aka ce jijiyar zuciyata ta tsage

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 36, wannan haihuwata ta huɗu. Kwana tara da sauka, ina shayarwa bayan sallar asuba, sai na ji kamar an kifa mini turmi a ƙirji. Ciwon ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi, zufa ta jiƙa rigata. Inna ta ce olsa ce, a asibitin farko ma maganin olsa aka ba ni aka sallame ni. Washegari da ciwon ya dawo, maigida ya kai ni wurin likitan zuciya. Aka ɗebi jini, aka zura siririn bututu ta wuyan hannuna aka ɗauki hoto. A katina likitan ya rubuta SCAD, wato tsagewar jijiyar zuciya.

Ba ni da ƙiba, ban taɓa ganin sigari a hannuna ba. Kuma likitan bai yi mini tiyata ba, ƙwayoyi kawai ya ba ni. Daidai ne haka? Ga Inna kullum da kunun kanwa da ruwan wanka mai zafi, ina jin nauyin ce mata a'a.

Anti Nas:
Sannu Maman Sadiya, Allah ya raya jaririn. Na daɗe ina aiki a ɗakin masu ciwon zuciya. Naki ba irin na toshewar kitse ba ne. Bangon jijiyar da ke ciyar da zuciya hawa-hawa ne. Jini ke kutsawa tsakaninsu ya taru, ya matse hanyar. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan mata ne, kuma a masu jego ya fi zuwa a watan farko, musamman makon farko. Ana danganta shi da sauyin sinadaran jiki lokacin ciki, wanda ke sa bangon ya yi laushi.

Likitanki bai yi sakaci ba. Jijiya mai laushi, in aka cusa mata bututun buɗewa, tsagar na iya ƙara tafiya. Yawanci da kanta take warkewa cikin makonni, shi ya sa ake ba da asfirin da maganin rage bugun zuciya, a sa ido. Ki tabbata ya san kina shayarwa. Banda ɗaukar bokiti, banda daka, banda yunƙuri a bayi. Ki tambaye shi a duba jijiyoyin ƙoda da na wuya, domin da yawa cikin masu wannan ciwon ana samun su da wata larurar jijiya a can.

Hajiya Babba:
'Yata, ba Inna wayar ta ji daga bakin tsohuwa irinta. Ni na yi wankan jego sau bakwai, amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan kumburin zuciyar masu jego, suka danganta shi da kanwa da zafin wanka da gadon wuta. Wancan daban, naki daban, sai dai zuciya ɗaya ce. Kanwa gishiri ce, tana hawar da jini. Ruwa mai ɗumi da kunun gyaɗa sun ishe ki.

Maman Sadiya:
Na gode Hajiya, na karanta mata, ta yi shiru. Anti, sake haihuwa fa?

Anti Nas:
Wannan ku zauna ku uku: ke, maigida, da likita, tun kafin ki yi arba'in. Ciwon yana iya dawowa, kuma ba kowane maganin tazarar haihuwa ne zai dace da ke ba. In ƙirjin ya sake ɗaurewa, ko ƙarfe biyun dare ne, ki tafi da katin nan a hannunki.