Me za mu kira "halatul hifzi" da Hausa?

Jama'a ku taya ni. Jiya a nan Mai Wurno ɗiyar yayata ta kawo min darasin kimiyya da Larabci in warware mata. Kan mazari ne, wanda Larabawa ke kira ya'asub. Muna isa kan "halatul hifzi", wato bayanin ko irin wata halitta na cikin haɗarin ƙarewa, ta ce, "Kawu, mazari ma yana hadda?" Gaskiyarta, mu hifzi a allo muka san shi.

Darasin na kwatanta mazari biyu ne na arewacin duniya, masu korayen idanu. Somatochlora arctica yana ƙwai a fadamun gansakuka, daga Sikotland har Sibiriya. Ɗan uwansa Somatochlora sahlbergi ya fi shi nutsawa cikin sanyi, can inda itatuwa suke ƙarewa a Alaska da arewacin Finland da Norwe. Na farkon, jerin halittu masu fuskantar ƙarewa na Birtaniya na 2008 ya ce ya kusa shiga haɗari. Na biyun, jerin Turai na 2010 ya ce bayanansa ba su isa a yanke hukunci ba.

Wasu sun ce min "matsayin kiyayewa". Ni dai bai kwanta min ba. Bahaushe zai ji kamar ana tambayar wa ke gadinsa, alhali tambayar ita ce: saura ƙiris irinsa ya ƙare, ko da sauran nisa? Sai na kawo "mizanin ƙarewar iri". Manomi ya san iri, ya san zafin a ce irin dawar kakanni ya ƙare.

Wata malama daga Gadarif ta amsa: "Malam, mizani ya yi, amma na sahlbergi fa? Ba a ma ɗora shi a kai ba." Wallahi ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ina tsoron yara su ɗauka rashin labari lafiya ce. Ita ta ba da "ba a san halinsa ba", na karɓa hannu bibbiyu.

Ba na Turawa kaɗai ba ne wannan. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta auna nau'i 6,016 na mazari da danginsa, kashi 16 cikin ɗari na fuskantar ƙarewa, galibi saboda lalacewar fadamu. Da yamma zan kai yarinyar bakin kogi ta ga namu jajaye suna rawa kan ciyawa, ta rubuta kalmomin biyu a littafinta. Mai wadda ta fi su, ya kawo kafin la'asar.