Masu daskarar da kwaɓin burodi a firiza, ku zo mu ji yadda kuke yi

Yar Aboabo:
Salamu alaikum yan uwa. Azumi na ƙaratowa, ina son burodi da zafinsa lokacin sahur amma kwaɓa fulawa da tsakar dare ba zai yiwu min ba, ga yara ga kasuwa da safe. Don Allah waɗanda ke saka kwaɓin a firiza ku faɗa min yadda yake fito muku, burodin suga nake nufi.

Maman tagwaye, Asawase:
Wa alaikissalam ƙanwata, yana yi sosai, ni haka nake yi. Ki kwaɓa da ruwa mai sanyi, ki bari ya tashi sau ɗaya, ki danne iskar ta fita sannan ki yanka ƙanana ki mulmula ki shafa ɗan mai ki jera a faranti cikin firiza, in sun yi tauri sai ki juye a leda ki matse iska ki ɗaure. Kar ki saka shi dunƙule guda babba, da zafin garin nan kafin sanyi ya kai tsakiya yis ɗin na ta aiki a ciki, wlh har leda yake fasawa. Ranar da kike so ki fito da shi tun bayan la'asar ki sa a firij ya saki a hankali, bayan asham ki jera a gwangwani ki rufe ya kumbura ninki biyu kafin ki gasa. Tashin na biyu na jan lokaci fiye da sabon kwaɓi, haƙuri kawai.

Mai tanda, Sawaba:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, sanyi na kashe wani ɓangare na yis, shi ya sa nake ƙara kamar kwata bisa abin da na saba. Kuma ƙanƙarar da ke haɗuwa a ciki tana tsinka danƙon fulawar, in ya jima sai burodin ya baje ya ƙi hawa. Cikin wata ɗaya dai a gasa shi.

Anti ta Tafo:
To ni dumso, wato yawan ɗauke wuta, ce damuwata. An ɗauke mana wuta tun dare har washegari da yamma, na buɗe na tarar kwaɓin ya saki ya kumbura yana tsami, ga warin kifi ya kama shi, kuɗin fulawa da bota da na sayo a kasuwar Kejetia duk sun tafi, raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Maman tagwaye, Asawase:
Ayya Anti sannu. Ki cika firizar da ruwan leda ya daskare ki binne kwaɓin a ƙasa, firiza cikakkiya na riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ba, wadda ke rabi kamar awa 24. Leda biyu kuma saboda kifin. In ya riga ya saki kar ki mayar, ki gasa a ranar.

Anti ta Tafo:
Yara ne ke buɗewa neman ruwan sanyi ai. Yanzu gasawa nake rabi, ya tashi ya tsaya amma bai yi ja ba, ya huce in daskarar, da asuba minti 10 zuwa 15 a wuta ya gama, ba ruwana da yis.

Yar Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Anti wannan rabin gashin, bayan ya fito bai bushewa? Maigidana ba ya cin burodi mai tauri da shayi.