Baƙin mai a tiyon turbo: in sa gwangwanin tare mai ko in bari?

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Golf 6 GTI ƙirar 2011, mai injin 2.0 TSI. Jiya wajen sabis bakanike ya cire tiyon da ya fito daga turbo, sai ga baƙin mai kwance a ciki, ya kai cokali guda. Ya ce in ɗaura mata gwangwanin tare mai. Motar ba ta hayaƙi, amma in tana silo tana ɗan karkarwa, kuma ina jin siririn fito daga saman inji. Don Allah a ba ni shawara kafin in kashe kuɗi.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Fiton nan da karkarwar su suka fi damuna, man cokali guda a tiyon turbo abu ne da aka saba gani. A saman injinka akwai bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da tururin mai daga cikin inji, cikinsa da wata roba zagayayya, kuma ta yi ƙaurin suna wajen yagewa a irin wannan inji. Ka ta da motar, ka gwada buɗe murfin zuba baƙin mai. In ka ji inji na zuƙar murfin da ƙarfi har sai ka yi kokawa, robar ta tafi. Ka canza bawul ɗin da wuri, don in ka bari yakan kashe sil ɗin bayan inji, wato robar da ke hana baƙin mai zubowa, kuma wannan sai an sauke giya.

Injiniya: Gaskiyar Baba ce. Amma gwangwanin ma yana da amfaninsa. Kowane inji, iskar ƙuna na silalewa ta gefen ringin fistin zuwa ƙasa inda baƙin mai yake, ta kwaso tururin mai, PCV ya maido ta hanyar shan iska a sake ƙonawa. A tsofaffin injina fetur na bi ta kan bawul ɗin shan iska yana wanke shi. TSI kuwa kai tsaye yake fesa fetur cikin silinda, don haka tururin sai ya daskare a bayan bawul ya zama baƙin datti. Gwangwanin tsakiyar hanya yake zama, mai ya sauka ƙasansa, iska ta wuce. Dattin da ya riga ya taru ba zai cire shi ba, wannan sai an buɗe an kankare. Kuma a mota mai turbo hanya biyu tururin ke bi: ɗaya a silo, ɗaya zuwa bakin turbo idan ka taka wuta. Wanda zai ɗaura maka dole ya san duka biyun.

Direban Kaduna: Ni na sa, kuma na sha wahala. Na farko da na saya fanko ne, ba raga ba shinge a ciki, man wucewa kawai yake. Na biyun mai kyau ne, sai na manta da juye shi har ya cika da wani ruwa kamar kunun kanwa, ya toshe, mai ya fara tsattsafowa ta sil. Yanzu duk sabis nake juyewa. Kuma Oga, kada ka yarda a saki tiyon yana huci a waje, warin har cikin mota.

Mai Golf: Baba, na gwada yanzun nan. Da ƙyar murfin ya buɗu, yana buɗewa kuma fiton ya ɗauke. Gobe da safe zan shiga Ƙofar Ruwa neman bawul ɗin. Allah ya saka muku da alheri.